Ƙuli-ƙulin da Bado Ya Ɓoye Shekara Talatin

"...da iyali, da aladun gida? Kai bawa, ana gaishe ka kana wani sunkuyar da kai kamar ba ka ga ubangidanka ba!"

Zure ke nan tun daga bakin ƙofa, da jaka rataye a kafaɗa. Shi ɗan Bissa ne, mijina Bado kuwa Gurunsi, kuma tun kaka da kakanni in waɗannan ƙabilu biyu suka haɗu, a wasan taubasantaka kowa cewa yake shi ya sayi ɗan'uwansa. Shekara talatin suna wannan abu a tsakar gidana a nan Reyo, ban ga wanda ya gaji ba.

Sai dai ranar hankalin Bado ba ya jikinsa. Ɗanmu Firmin zai sauka a motar ƙarfe biyu, bayan shekara shida a Abijan. Da faɗa ya tafi: ya ƙi zaman lambun albasa, uban ya ce in ya fita kada ya dawo. Bado kuwa ba a halicci bakinsa don ba da haƙuri ba. Abin da ya iya shi ne gashin haƙarƙarin alade, don haka ya ƙudura yaron zai tarar da irin wanda ya saba ci yana ƙarami. Ya wanke nama ya tsattsaga, ya zuba gawayi a rabin ganga, an daka barkono da citta da tafarnuwa da masoro. Da ya leƙa tulun da yake ɓoye ƙuli-ƙuli, wayam. Shi ne asirin yajinsa, kuma da yake da gyaɗa ake yi wa 'yan Bissa tsiya, da Zure ya san Gurunsi na cin albarkacinta, gara rufin ɗaki ya faɗo masa. Ga shi ba ranar kasuwa ba.

"Lafiya lau muke kafin ka iso," in ji Bado. "Wa ya bar ƙofa a buɗe har ɓeran gyaɗa ya shigo?"

"Cewa na yi bari in zo in ga karen wa aka rasa a unguwa yau."

"Alade ne, makaho. Kare ai sai babban baƙo, ba irinka ba."

"Wannan? Azumi ya yi kafin ya mutu? Ina ƙirga ƙasusuwansa daga nan."

"Da dusar burkutu na kiwata shi, ya fi sarkinku ƙiba. Ku da in an haife ku sai ungozoma ta ɓamɓare gyaɗa daga hannunku kafin ta yanke cibi!"

Zure ya ja kujerar Bado ya baje a kai, ya dangwali yajin ya lasa, ya yamutsa fuska.

"Maman Firmin, wa ya mutu? Wannan yaji maraya ne."

"Ba abin da ya rasa," in ji Bado.

"Shekara talatin ina yi maka alfarmar cin namanka. Ni na tsufa, harshena bai tsufa ba."

Ya buɗe jaka, ya ciro ƙuli-ƙuli ya gatsa, ƙarus. Jakar cike take fal. Na ga mijina ya kafa wa jakar ido.

"Miƙo biyar daga wannan tsakuwar taka," in ji Bado, yana kallon wani waje. "Ƙafar tebur ke rawa."

"Tebur ɗinka lafiyarsa ƙalau."

"To zan jefa wa kare."

"Wane karen kuka bari da rai?"

"Kaji fa?"

"Bado, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗi abin da za ka yi da shi."

Bado ya ɗaga kai ya dubi rana. Naman nan sai ya sha yaji ya kwanta kafin ya ga wuta, wutar kuma a hankali take so, kada kitse ya kama da ci. Lokaci ya fara ƙurewa. Wallahi sai ya ba ni tausayi. Ya yi wata magana ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba. Kunnen sarauta gare ni."

"A yaji nake sa shi!"

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka yi sanƙo."

"Gurunsi! Da gyaɗa! Kana zagina da rana kana dakanta a ɓoye? To ba kyauta ba. Ce: Zure, na yi kuskure, ka yi haƙuri."

"Gara in ci naman ɗanye."

"Girman kai rawanin tsiya. Ni ba inda za ni, mota ce dai ba ta jira."

Bado ya dubi haƙarƙarin, ya dubi ƙofa. Ya buɗe baki kamar mai shan maɗaci.

"Zure... na yi kuskure. Ka yi haƙuri."

Zure ya yi dariya har da riƙe ciki, ya juye jakar gaba ɗaya cikin turmi. Ya ƙifta mini ido, na kau da kai, don ni na kwashe ƙuli-ƙulin Bado, na san ƙarƙashin gadon da ya kwana.

"Buɗe baki in gani," in ji Zure. "Ka ga? Ko haƙori ɗaya bai faɗi ba. Ƙarfe biyu, in yaron ya shigo, sai ka cire sunana ka sa nasa. Kwana uku na yi ina zaginsa a waya kafin ya yarda ya hau mota, kuma ba nama ya ce mini yana kewa ba."

Bado ya juya wajen naman. Ya goge ido da bayan hannu, ya ce hayaƙi ne, alhali ko ashana ba a ƙyasta ba. Na daka ƙuli-ƙulin, ya haɗa da yaji da ɗan mai, ya shiga shafe haƙarƙarin tsaga-tsaga. Can na ji yana gwadawa a hankali, yana fuskantar naman: "Firmin, na yi kuskure..."

"Da ƙarfi!" in ji Zure. "Aladen ya mutu, ba ya ji."

Bado ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya yanko ɓangaren da ya fi tsoka ya ajiye gefe guda.

"Wannan naka ne, ɓeran gyaɗa. Ka kayar da ni yau. Amma in yaron ya shigo ka tsaya kusa da ni, in na manta farkon maganar ka tuna mini."