Askin Alhamis

"Lafiya lau, amarya. Ya hanya, ya mutanen Kiru?"

"Suna gaishe ka. Sun ce in duba ko kana nan da sauran numfashi, ko in fara neman wani mijin."

"Ki nema mana. In kin sami wanda zai kwashe ki da wannan hancin, ni zan biya masa kuɗin mota."

Da na ji haka na san ɗinkin taruna ba zai yi nisa ba, don duk ranar da waɗannan biyun suka haɗu kunnena ba ya barin hannuna ya yi aiki. Malam Mudi maƙwabcina ne, a bakin zaurensa nake shimfiɗa taru saboda inuwar darbejiyarsa. Nabila kuwa jikarsa ce, 'yar babban ɗansa, tana koyarwa a wata firamare a Kiru. Ranar Alhamis ce da hantsi, ana hutun makaranta. Ta sauka daga acaɓa, ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, sannan ta juya wajen tsohon ta ajiye ladabin a gefe. Akwai ɗan kwali a hannunta.

"Me kika riƙo min? Kayan lefen da na yi miki kika dawo da su?"

"Wane lefe? Goro biyu da tsohuwar tocila? Karɓi dai, kar hannunka ya karye."

Malam Mudi ya buɗe kwalin, ya zaro abin, ya juya shi gaba da baya. Baƙi ne, bai fi tafin hannu ba, da wasu kawuna uku zagayayyu a bakinsa.

"Rediyo ce?"

"Rediyo a ina? Injin aski ne."

"To ni na ce miki zan buɗe shago?"

"Wa zai shiga shagonka? Kanka za a aske, ko ka ɗan koma mutum in daina jin kunyar nuna ka a cikin ƙawayena."

"Kan nan? Yarinya, ba ki san kan da kike magana a kai ba. Lokacin da nake tashe, daga Dangora 'yan mata suke takowa a ƙafa don su gan shi. Na taɓa cire hula a cikin kwalekwale a Tiga, hasken kaina ya sa kifi suka dinga faɗowa da kansu."

"Gudu suke yi, sun zaci dodon ruwa ne, suka rasa hanya."

Ta zauna a gefen buzunsa, ta karɓi injin ta danna wani maɓalli. Ya fara wani ɗan gunji a hankali, yana karkarwa a hannunta. Tsohon ya ja da baya, ya dafe hularsa da hannu biyu.

"Kashe shi. Rina kika kamo a kwali."

"Ka ga jarumin Tiga. Tsaya ka ji wahalar da na sha kafin in zaɓo shi. A Kwanar Dangora na saya, mai shagon ya jera min kala uku. Na farko mai igiya ne, sai an jona shi da wuta. Na ce masa a garin mijina wuta baƙuwa ce, in ta zo ma ba ta kwana."

"Wannan kin faɗi gaskiya, karon farko a rayuwarki."

"Na biyu kilifa ce irin ta shagon aski. Tana da ƙarfi, amma tana barin saura, kai kuma na san ƙwal kwabo kake so. Na uku shi ne wannan. Caji ake yi masa kamar waya, a kai shi shagon masu sola, caji ɗaya ya yi maka aski uku ko huɗu. Wuƙaƙensa suna ciki, bayan wannan 'yar ragar, ba sa taɓa fata. In an gama a buɗe bakin, a kakkaɓe da ɗan buroshin nan, shi ke nan. Ko yaron goye zai iya."

"To ki kai wa yaron goyen. Ni ina da wanzamina."

Ya mayar da injin cikin kwali, ya rufe, ya tura mata shi da ɗan yatsa. Wanzamin da yake nufi shi ne Abdulmalik, wanda duk gari ke kira Maliki. Tare suka taso a tsohon garinsu kafin ruwan dam ya cinye shi, tare aka kwaso su a mota ɗaya zuwa nan. Uban Maliki ne ya yi wa Malam Mudi askin suna, Maliki kuma shi ya yi wa Nabila nata. A al'adarmu wanzamin gida ba a sallamarsa. Duk Alhamis zai zo da zabirarsa ya yi aski, da kaka kuma a aika masa da daminsa na dawa. Sai dai shekara biyu ke nan hannun Maliki yana rawa, kuma duk wanda ke da ido ya gani.

"Wanzaminka," in ji Nabila. "Ni nake wanke hulunanka duk zuwan da na yi, angona. Wancan karon guda huɗu na wanke, uku da jini a ciki."

"Sauro ne."

"Sauron garinku da aska yake yawo?"

"Manya ne. Ruwan dam suke sha."

"Kaka, ka bar wasa. Kana da ciwon suga. A gabana likita ya ce ka kiyayi ko ƙwarzanen ƙaya, don ciwonka ba ya saurin warkewa. Kai kuma duk mako kana miƙa kai ana yanka. In wani abu ya same ka, wa zan dinga zagi?"

Malam Mudi ya ɗauki carbinsa ya ajiye, sannan ya dube ta.

"Kin san mutum nawa suka rage wa Maliki a garin nan?"

"A'a."

"Ni kaɗai. Samari sun koma shago, dattawa sun bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa. Masu haihuwa ma yanzu daga Yako suke kiran wani. Ranar Alhamis ce kawai yake saka babbar riga, ya rataya zabira, ya ratsa gari mutane suna ce masa sannu da aiki. Ranar da aka ji wannan abin naki yana kuka a zaurena, ranar zai rataye zabirar nan a ƙusa, kuma ba zai ƙara fitowa ba. Ni ba zan zama wanda ya zaunar da shi ba. 'Yar yankar da kike gani, na iya da ita."

"To ka mutu saboda kara, in yi takaba ina ƙuruciyata."

"Takabar lafiya. Ai kin huta da wankin hula."

"Ni dai ba zan mayar da shi ba. Ka san yadda na sha fama da mai shagon nan? Sai da na sa ya kwance kwali biyar. Na ce masa kan da za a aske ba irin na mutane ba ne. Gaba fili, tsakiya kwari, sannan ga wani ƙulu kamar ƙwan zabo a ƙeya ta hagu, da tabo a gindinsa, wanda ba ya son a biyo shi daga sama sai dai daga ƙasa. Shi ya sa na ɗauki mai kawunan da suke lanƙwasa, don su bi..."

"Tsaya."

Ta tsaya.

"Wa ya gaya miki akwai ƙulu a ƙeyata?"

"Ai... gani na yi."

"A ina? Tun da aka haife ki ba ki taɓa ganina ba hula ba. Ko alwala nake, ɗaga ta nake yi kaɗan in shafa in mayar. Ubanki ma bai san da shi ba. Wata azara ce ta faɗo min ranar da muke kwance rufin ɗakinmu za mu tashi daga tsohon gari. Kuma zancen a biyo shi daga ƙasa, mutum ɗaya ne a duniya ya san wannan."

Nabila ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. Yarinyar da bakinta ba ya mutuwa, sai ga shi ta koma kamar wadda aka kama da hannu a tukunya. Ni ma na ajiye allurar, don kunnena ya riga ya tafi.

"Ya ce kar in faɗa."

"Ai ba ki faɗa ba. Ƙeyata ce ta faɗa. Ƙarasa."

"Ranar kasuwa ya tare ni a bakin hanya. Ya ce, 'Nabila, ni na yi miki askin suna, yau ni ke neman alfarma a wajenki. Makon jiya sau uku na yanke kakanki. Ina gani jini yana bin bayan kunnensa, shi kuwa yana ce min hannuna bai taɓa daɗi irin na yau ba. Ba zai taɓa ce min in daina ba, ni kuma ba zan iya ce masa na gaza ba. Ki samo masa injin nan na zamani, ki ce ke kika ga dama. In ya fara da shi, sai in ce ƙafa ta hana ni fitowa.' Shi ya zayyana min kan naka kaf, don kar in sayo wanda zai ji maka ciwo."

Tsofaffi biyu, kowanne yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu ɗaya, kowanne yana ganin shi ne mai rufa asiri. Malam Mudi ya daɗe yana kallon ƙofar zaure. Sannan ya sa gefen rigarsa ya goge ido, ya ce ƙura ce, alhali ko iska ba a yi.

"Munafukin tsoho," in ji shi. "Shekara saba'in ina ba shi kaina, ashe yawo yake da sirrina a kasuwa."

"To yanzu ya za a yi?"

"Miƙo min rinar nan. Kin ce ba ya yanka?"

"Ba ya yanka."

"Ko a hannun wa?"

"Ko a hannun wa."

"To kama bakinki, ki bar min sauran."

Ba a jima ba muka ji ƙarar sanda a kan dakali. Maliki ne, cikin babbar rigarsa ta Alhamis, zabira a kafaɗa. Ya yi sallama, idonsa ya sauka a kan kwalin, ya ɗauke kai da sauri kamar bai gani ba. Kafin ya zauna Malam Mudi ya tare shi.

"Gara da ka zo. Ka ga abin da matar nan ta kawo don ta kashe ni ta ci gado. Wai in aske kaina da kaina, kamar wanda ba shi da kowa. Ni ko kunna shi ban iya ba, kuma ba zan koya ba. In dai dole sai abin nan ya hau kaina, to a hannunka zai hau. Karɓi, ka sa a zabira, ya zauna tare da asake."

Maliki ya dubi Nabila, Nabila ta dubi rufin zaure.

"Mudi, ni ban san kan abin nan ba."

"Ka san nawa kan ai. Ita ta san na injin. Ku haɗa."

Sai da Malam Mudi ya sa ta juya baya tukuna ya cire hular, wai ba a nuna wa mace dukiya gaba ɗaya. Tana fuskantar bango take ba da umarni: a danna nan, a ɗora a hankali, a dinga zagayawa, kar a danne. Maliki ya ɗora injin a goshin abokinsa, ya bi tsakiya, ya gangara ƙeya, ya biyo ƙulun daga ƙasa yadda ya saba. Na matso ina kallo. Injin yana karkarwa, hannun yana karkarwa, babu mai iya cewa wanne ne ke rawa a cikinsu. Da ya gama ya shafa kan da tafinsa, ya duba tafin, ya sake dubawa. Babu ko ɗigon jini.

"Malam," ya ce da ni, muryarsa ƙasa-ƙasa, "in kana so, mako mai zuwa ka zo da naka kan."

Na ce masa ina nan tun da hantsi.

Malam Mudi ya mayar da hula, ya gyara mata zama.

"Juyo, mummuna. Kin ci wannan. Shiga gida ki ce a kama miki zabuwar nan mai ƙiba."

"Zabuwa ɗaya? Ni da na ceci kan da kifi ke gudu?"

"Ɗauki biyu. Ɗaya ladan injin, ɗaya kuma ki rufe bakinki a kan ƙulun."

Ta kwashe da dariya ta nufi cikin gida. Maliki kuwa yana zaune yana kakkaɓe bakin injin da ɗan buroshi, a hankali, sannan ya buɗe zabira ya yi masa wuri kusa da askar ubansa.