An Feƙe Lu'ulu'un Sarki, Laddun Bikin 'Yata Ya Koma Gyaɗa

Ranar Litinin matata Kokila ta danƙa mini ƙoƙon katakon da take dunƙula laddu da shi, ta ce in je tsohuwar fada in gwada shi da Idon Giwa, lu'ulu'un sarki, tunda an sake buɗe ɗakin da ake ajiye shi. Na bi layi a rana har ƙeyata ta dahu. Da na isa gaban akwatin gilashin sai na ga matashin kai na karan-miski, babu komai a kansa.

Na ce da mai gadi, "Bhai, ɗan'uwa, an kai shi wanki ne?"

Ya miƙo mini madubin ƙara girma ɗaure da igiya. "Ga shi nan a tsakiya, Kaka. Kada ka yi numfashi da ƙarfi."

Ga waɗanda ba 'yan Motigadh ba, abin da ya kai ni shi ne al'adarmu. A nan, laddun da dangin amarya ke ba dangin ango, wannan dunƙulen garin wake da man shanu da sukari, dole ya zo daidai da girman lu'ulu'un sarki. Ka fi shi, an ce ka raina gidan sarauta. Ka gaza shi, an ce kai marowaci ne. Bikin 'yata Hetal kuwa ya matso.

Kakanninmu sun ce wani makiyayi ne ya ciro dutsen daga kofaton ɓaunarsa a bakin kogi, yana da girman ƙwan agwagwa. Sarakuna suka yi ta kashe juna a kansa, amma ko wanda ya fi su mugunta bai taɓa rage shi ba. Sai wani sarki ya ji an ce na maƙwabcinsa ya fi ƙyalli, ya sa aka feƙe shi ya koma lemon tsami. Sarauta ta tafi, aka bar mana Kwamitin Kula da Ƙyalli. Tun daga nan duk sabon shugaba sai ya gano cewa na gabansa ya bar dutsen ya dushe. Daga lemon tsami muka sauka dabino, muna tafa musu. Ana cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma mai wannan magana bai ga sabbin 'yan kunnen matan 'yan kwamiti ba.

Na yanzu, Mai Girma Uban Walƙiya, Hasken Marasa Fitila, ya kafa tarihi. A bisa ƙa'ida, ranar da za a sake feƙe shi, babban baƙo yana ɗora dutsen a kan faifan wasawa ne sau ɗaya, a ɗauki hoto, ya bar wa masu sana'a. Maƙwabcina Mansukhbhai yana wurin. Ya ce a hoton farko Mai Girma ya rufe ido, aka sake. A na biyu rawaninsa ya karkace. Sannan masu talabijin suka iso a makare, ya sake dannawa yana jawabi, faifai na juyawa.

Na ce, "Ba wanda ya ce masa ya ɗaga hannu?"

"Wa zai katse jawabin Mai Girma? Ai jawabin a kan kiyaye kayan gado ne."

Sanarwa ta ce dutsen bai taɓa ƙyalli kamar yanzu ba. Ban musa ba. Garin neman gira ne dai aka rasa ido.

Na koma gida na ɗaga wa Kokila ƙwayar gyaɗa ɗaya, na ce girmansa ke nan yanzu. Ta zauna daɓas.

"Baban Hetal, ka san wadda za ta zo ɗanɗano? Diwaliba ce, kakar ango. A bikinta da hannu biyu ta riƙe laddu."

Na san tsohuwar. Ta taɓa fasa auren jikanta na fari saboda an ba ta shayi rabin kofi. Hetal na bayan ƙofa tana jinmu, kuma na san tana son yaron nan. Gaskiya tsoro ya kama ni. Na ce mu yi manya kawai. Kokila ta ce ita ba za a nuna ta a kasuwa a ce ta fi sarki ba.

Diwaliba ta zo ran Laraba da sandarta. Kokila ta shimfiɗa ƙyallen karan-miski a faranti, ta ɗora laddu ɗaya a tsakiya, sannan ta miƙa mata madubin ƙara girman da nake karanta jarida da shi.

"Diwaliba, haka ake kallonsa a fada yanzu," in ji Kokila.

Tsohuwa ta kara madubin a ido, ta daɗe tana dubawa. Ni kuwa gumi har cikin kunne. Ta ɗauki laddun da farce, ta ɗora a harshe.

"Man shanun mai kyau ne," in ji ta. "Kun bi al'ada, ba ni da ta cewa. A yi biki."

Hetal ta saki dariya daga bayan ƙofa, ni ma na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Sai na ga tsohuwa tana cusa madubina cikin jakarta.

"Diwaliba, ai nawa ne."

"Na sani, ɗana. Zan dawo da shi ranar da muka kawo wa amarya zinariyarta. Za ku buƙace shi."

To, Allah ya ƙara wa kwamiti ƙyalli. Na ji an ce wa'adin Mai Girma ya kusa ƙarewa, magajinsa har ya fara cewa dutsen ya dushe. Na kira ƙaramar 'yata na ce ta hanzarta ta fito da miji, tun muna da abin ba baƙi banda ƙamshi.