Gawar da Ta Ce Ba Ta Shirya Ba

Wani mutum ne a unguwarmu ana ce masa Barau, mai gyaran injin markaɗe. Aikinsa kaɗan, bakinsa da yawa. In ka zauna da shi, ya taɓa kwana a maƙabarta, ya taɓa marin aljani har aljanin ya ba shi haƙuri.

Sai wani darakta, Haladu, ya tashi yin fim na tsoro mai ban dariya. Kyamara ɗaya, jini kuwa zoɓo ne aka dama da sitaci. Barau ya nace shi za a ba jarumin, mai korar fatalwa.

Haladu ya ce, "Fara da gawa tukuna. In ka kwanta ba motsi, jarumin naka ne."

"Gawa? Ai ko mai wankan gawa sai ya rantse na mutu."

Aka tafi wani ƙauye bayan Wudil. Aka ari makarar masallaci, aka naɗe Barau cikin farin yadi tun daga kai har ƙafa, aka ɗaure tamau, aka kwantar da shi a kanta a ƙofar masallacin. Ana cikin ɗauka yunwa ta kama mutane, aka ce a je tasha a ci abinci. Za a kwance shi ya hana.

"Ku bar ni. Ku dawo ku ga aiki."

Ashe ranar wani tsoho, Baba Sallau, ya rasu a ƙauyen. Samarin da aka aiko ɗaukar makara suka tarar da ita da gawa a shirye, ga jama'a na fitowa daga sallar azahar. Wa zai tsaya tambaya? Aka yi sahu, aka sallace shi, aka ɗaga.

Barau na ciki yana murmushi. A ransa ya ce, lalle Haladu ya samo 'yan wasa, ji yadda suke salati kamar gaske. Ya ƙara sandarewa.

Wani mai ɗauka ya ce, "Baba Sallau da ko iska na kayar da shi, yau nauyi kamar buhun masara."

"Yi shiru, lada ne."

Haladu ya dawo da mai kyamara, suka hango makara ta nufi maƙabarta. Mai kyamara ya ce, "Oga, mu tsayar da su."

"Kunna. Ina za mu samu jama'a haka kyauta?"

Aka sauke Barau cikin rami. Sanyin ƙasa ya ratsa kafaɗarsa. Ya kasa kunne ko zai ji darakta ya ce a tsaya, shiru. Sai wata murya ta ce, "Allah Ya ji ƙan Sallau. Miƙo itacen, ku kwaɓa ƙasar."

Tim, itace na farko ya sauka.

"Innata! Ban shirya ba!"

Gawa ta miƙe zumbur. Liman ya bar takalmansa, mai haƙa ya faɗa ramin da ke kusa. Barau kuwa ƙafafu a ɗaure, sai tsalle yake kamar kwaɗo yana kiran Inna, har ya ci karo da kyamara.

Da aka kwance shi, aka ba mutanen gari haƙuri, ya share hawaye ya ce, "Wasa nake. Na ga kyamarar tun tuni."

Haladu ya ce, "Ta cikin yadi?"

"To... maganar jarumin fa?"

Haladu ya dafa kafaɗarsa. "Jarumin zai riƙa shiga maƙabarta, Barau. Ba mu da kuɗin motar da za ta riƙa ɗauko maka Inna."