Takalmin Elhaji da Shaidar Agali

"Lahiya lau, tsoho. Ina gajiya, ina tsufa?"

Haula ta amsa gaisuwar kakanta ba tare da ta ɗago kai ba. Ƙarfe goma motar Maradi za ta tashi, ga shi tara ta gota, jakarta na bakin zaure, ita kuwa tana durƙushe da almakashi da kwalin shayi da ƙoƙon tawada. Tun da idon Elhaji Arzika ya yi rauni ita ke karanta masa littafinsa na labarun mutanen da, kullum shafi uku. Kullum kuma sai an yi faɗa, don tsinken da yake saƙalawa sai ya faɗi a rasa inda aka tsaya. Yau za ta tafi jami'a, littafin bai ƙare ba. Abin ya tsaya mata a rai, har ta rantse ba ta shiga mota sai ta bar masa alamar shafi ta kirki, haɗe da kubenta.

Elhaji ya tsaya a kanta, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya tsirara.

"Ke ɓarauniya, ina takalmina na hagu?"

"Wanda akuya ta shinshina ta yi kwana biyu tana atishawa? Mi zan yi da shi?"

"Daga Makka na zo da shi!"

"Makkar bayan kasuwar dabbobi? Ni na riƙe maka leda ranar."

"To wanga ɓarɓashin roba da nike takawa hwa?"

"Ɓera ne."

"Ɓera mai reza? Ɓera mai ƙunshi ga hannu?"

Da ta ga asiri ya tonu, sai ta zaro takalmin daga ƙarƙashin tabarma. Dunduniyar ta yanke ta sassaƙa hatimi da ita. Elhaji ya shafa ramin ya yi salati mai tsawo, irin na wanda aka yi wa rasuwa.

"Wa za a ba abin da an ka kashe mini takalmi dominsa?"

"Saurayina."

"Ina raye? Ina mijinki na hwari?"

"Shi haƙoransa sun cika. Kai in ka yi dariya sai a hango tuwon jiya."

"Guda huɗun da sun ka rage sun hi ƙarhin danginsa duka."

Bakinta na zuba, hannunta na aiki. Ta tsoma hatimin cikin tawada, ta danna shi a kan farar takardar da ta liƙa jikin kwalin, ta hura, ta sake hurawa. Shaidar garken Elhaji ce ta sassaƙa, ƙugiya da ɗigo biyu, wadda ta tashi tana gani a wuyan raƙumansa kafin fari ya cinye su. Ta miƙa masa tana ɗauke kai.

"Ungo. Saurayin ya ce bai so, sai ka samu."

Elhaji ya kai takardar dab da hancinsa. Ya daɗe yana kallo. Haula ta ɗauka daɗi ne ya kama shi, har ta fara jin kunya. Sai kawai ya daka tsalle da ƙafa ɗaya.

"Agali! Shaidar Agali mutumin Tagriss kin ka buga mini!"

"Wane Agali? Taka ce!"

"Tawa dama take kallo, tashi hagu! Shekara arba'in muna hwaɗa bakin rijiya kan wagga ƙugiya, yau jikata ta kai shi cikin littahina da takalmina!"

Ta duba hatimin, ƙugiya na kallon dama yadda ya kamata. Ta duba takardar, ta juya hagu. Daidai nan wayarta ta yi ƙara, mai mota ne, ya ce saura wuri biyu, in ba ta zo ba zai ba wani. Hawaye suka cika mata ido, ba na wasa ba. Kwana uku tana ɓoyon aikin nan.

Elhaji ya ji tana jan hanci. Ya zauna a kan tabarmar yana nishi, ya cire ɗaya takalmin.

"Ba ni rezar. Makarantar lakkwal shekara goma sha uku, ba a hwaɗa muku maƙeri a juye yake ƙera ƙarhen shaida ba?"

"Za ka yanke yatsa, makaho."

"Makahon da ya san raƙuminsa da tahin hannu? Ke dai yanko wani kwalin."

Bai ko kalli robar ba. Da babban yatsa yake lalube, reza na bi, kafin ta gama liƙa takarda ya gama. Ta tsoma, ta danna. Ƙugiya ta fito tana kallon dama. Ta zura alamar cikin kuben da ta ɗinka da jan zare, mai igiya don ya rataya jikin littafin. Elhaji ya zaro ta, ya mayar, ya sake zarowa kamar yaro da sabuwar wuƙa.

"Wane shahi mun ka tsaya?"

"Ɗari da shida. Ka sa wani ya ci gaba da karanta maka."

"Wa? Duk muryar jaki gare su. Nan za ta zauna har ki dawo hutu." Ya saƙala ta, ya rufe littafin. "Ta Agalin kuma tahi da ita. Duk wanda ya ce yana son ki, ki ce ke raƙumar mutumin Tagriss ce, ba mai sake matsowa."

Haula ta fashe da dariya tana share ido, sai ta ga ya miƙe zai raka ta.

"Na yarda, ka ci. Zauna, rana ta yi zahi."

"In zauna a sace mini mata?"

Ya ɗauki jakarta ya yi gaba. Haka mutanen Dakoro suka ga Elhaji Arzika ya ratsa gari har tasha, da babbar riga da rawani, yana ɗaga ƙafa cikin yashi mai zafi ba takalmi.