Rasuwar Pulu, Ƙahon Majami'armu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma sallamawa ga nufin Ubangiji, ni Lesieli, 'yar dattijo Kelepi Taufa na tsibirin Foa a ƙasar Tonga, nake sanar da rasuwar Pulu, ƙahon tagulla mai maɓallai goma sha ɗaya, wanda ya cika ranar Alhamis da hantsi yana da shekara ɗari da saba'in, ko fiye.

Marigayin ya zo Tonga a jirgin ruwa tare da wani mai wa'azi, ya kuma yi wa majami'armu hidima ba tare da ya taɓa dacewa da muryar mawaƙa ba. Mai haƙuri ne. Da fatun maɓallansa suka ruɓe, aka sa masa fatar akuya. Da wuyansa ya tsage, aka liƙe shi da gwangwanin nama. Maɓalli na tara bai motsa ba tun zamanin kakana. Duk da haka, in ya ce “buuu”, aladun unguwa kan bar kiwo.

Ya bar 'ya'yan sarewa huɗu, da ganga mai ido ɗaya, da mahaifina, wanda ya busa shi shekara sittin, kuma ya yi wasiyya cewa da kukansa za a raka shi kabari.

Likitan kwano, wato Semisi maƙeri, ya ɗaga shi a rana, ya ga haske ta cikinsa, ya ce, “Yaya Lesieli, wane mara imani ne ya goge bawan Allah har ya koma takarda?”

Baba ya amsa daga tabarma: “Gishirin teku ne! Ko kuwa limami ne da kyashinsa.”

Tsoron Allah ya sa zan wanke teku da limami. Ni ce. Kowace Asabar, shekara talatin, ina goge shi da yashi da lemun tsami, domin ya yi ƙyalli a gaban bagade. Ranar Alhamis babban yatsana ya shige cikinsa.

Za a naɗe shi a tabarma mai laushi ranar Litinin bayan addu'ar safe, a kwantar da shi ƙarƙashin gadon Baba. A zo da baƙaƙen kaya, da tabarma a ƙugu. Za a karɓi doya da alade.

Tabaran Baba na cikin jakata. Ina roƙon masu ta'aziyya kada wani ya karanta masa wannan takarda. Ni zan gaya masa da bakina, bayan ya ci ya ƙoshi.