Arɗon Taurari Ya Nuna Wa Jimeta Baƙin Rami

Duk faɗin Adamawa, daga Ganye har Mubi, ba a yi masanin sararin samaniya kamar Dokta Najmuddeen Lawal ba. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma wa zai fi shi sani? Sati biyu cur ya yi a wani taron bita a ƙasar waje, ya dawo kwalejinsu ta Yola da kwat mai kauri, wadda yake sawa ko a zafin Maris. Ɗalibai suka naɗa shi Arɗon Taurari. Ya ɗauka yabo ne, ya sa aka rubuta a ƙofar ofishinsa.

Fanninsa shi ne baƙin rami, wato wurin nan a can sama da ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya kuɓuta. Binciken Dokta kuwa a kwamfuta ake yinsa: a kwaikwayi yadda iskar gas ke kewaya ramin tana faɗawa ciki, a ga lokacin da kewayen ke rikicewa. Aiki ne mai wuya, shi ya sa Dokta, saboda tsabar karamci, ya bar wa ƙaramar malama Edna Zadok ta yi shi duka.

Wata bakwai Edna ta yi tana fama. A ɗakinta na unguwar Damilu, bulo biyu take ɗora kwamfutar a kai don ta sha iska, ita kuma ta sha gumi. Sau uku ɗaukewar wuta tana rushe mata lissafin kwanaki, ta sake daga farko. Sau nawa ta ce, "Sa, ka zo ka ga abin da ya fito," shi kuma ya ɗaga hannu.

"Janar ba ya leƙa bakin bindiga, Edna. Ki dai tabbata sunana ne a sama."

Sai labari ya zo cewa Farfesa Fadimatu Nata'ala za ta zo daga Abuja, ta zaɓi mutum ɗaya da za a tura babbar cibiyar kwamfuta ya yi shekara guda. Dokta ya kama zauren otal a Jimeta, ya liƙa hotonsa a bayan keke napep sama da ashirin. Edna ma ba a manta da ita ba: aka ba ta aikin raba ruwan gora a babban tebur.

Ranar taro zaure ya cika. Dokta ya gyara kwat, ya danna fayil ɗin aikin Edna da hannunsa mai albarka. Allo ya yi baƙi ƙirin. A tsakiya wani ɗan farin zobe ya fito yana juyawa.

"Jama'a, ku buɗe ido!" in ji Dokta. "Wannan da kuke gani shi ne baƙin rami. Ku dubi yadda gas ke kewaya shi. Shekara goma na hana kaina hutu kafin na kamo shi. Kun ga ya ɗan tsaya, ya ci gaba? To wannan ita ce rikicewar da na gano. Turawa sun neme ta sun gaji."

Minti tara ya yi yana sharhi. Ɗaliban da ke baya, waɗanda kullum suke kallon wannan zoben a wayoyinsu in intanet ya yi nauyi, suka cusa hula a baki.

Can fayil ɗin ya gama buɗewa. Allo ya kama da ja da ruwan ɗorawa. Faifan gas ya bayyana yana juyawa, ya fara lanƙwasa, ya tsinke dunƙule-dunƙule, yana zuba cikin duhun tsakiya. Kowa ya zuba wa allo ido. Har masu raba abinci suka tsaya.

Dokta ya daka tsawa.

"Edna! Wane shirme ne wannan ya rufe mini bincike? Cuta ta shiga kwamfutar nan! Cire shi maza, ki dawo mini da ramina!"

Farfesa Fadimatu ta cire tabarau a hankali.

"Dokta, a bar shi tukuna. Wa ya yi wannan shirmen?"

"Ita ce, ranki ya daɗe! Ba ruwana da shi, kowa shaida ne!"

Farfesa ta juya ga Edna, wadda ke tsaye rungume da katan ɗin ruwa.

"'Yata, ajiye wannan. Me ya sa faifan ya tsinke a nan?"

Edna ta ajiye katan ɗin. Ta yi bayanin yadda maganaɗisu ke jan gas ɗin yana murɗe shi har ya rabu. Farfesa ta yi tambaya shida, ta samu amsa shida, ta rubuta suna ɗaya a takardarta.

Bayan wata biyu Edna ta tafi.

Dokta dai bai karaya ba, manya ba sa karaya. Ya sanar a ɗakin malamai cewa Abuja ba ta kai matsayin fahimtar aikinsa ba tukuna. Sannan ya kira Apollos mai gyaran kwamfutocin kwaleji, ya ce ya kwafe masa farin zoben nan a ɓoye shi da kyau, kada Turawa su sace.

Apollos ya sosa ƙeya.

"Oga, ai wannan kyauta yake zuwa da kowace kwamfuta."