Nishin da ke cikin rumbun yayana

A shekarar da gero ya gagari talaka, ni na zaunar da yayana ina yi masa lacca cewa kan yaro ba ya buɗewa sai da littafi mai hotuna. Har wani na gwanjo na kawo wa 'ya'yansa daga kasuwar Bici, mai maɓallin da in an danna rago ya yi kuka. Da suka fara dambe a kansa, na jefa shi rumbu, tunda ko zangarniya babu a ciki, na manta.

Bayan wata biyu, da rana tsaka, gari ya yi tsit, sai muka ji nishi daga rumbun, a hankali, kamar tsohuwa na jan rai. Ya tsaya. Ya sake.

Inna ta ce, "Wani abu ya tare a ciki."

Ni ɗan boko, ni na fara tsallake danga, ni na ɗauko liman.

Liman ya gama tofi, ya hau tsani, ya sauko da littafina. Batir ne ya yi sanyi, kukan ragon ya koma nishi, ɓera ke taka maɓallin.

Har yau in na yi sallama, matar yayana sai ta ce, "Malam, ya jikin tsohuwarka ta rumbu?"